Sir William Lyons: Mutumin da ya kafa Jaguar, ya karya farashin motocin alfarma

Duk shekara idan kaka ta yi, aka kai masara da waken suya kasuwannin Dandume da Bakori, kuɗi suka shigo hannu, akwai lissafin da ke hana wasu manyan manoma da 'yan kasuwar Funtuwa da Malumfashi barci: a ci gaba da lallaɓa motar da ake da ita, ko a ƙara kuɗi a hau wadda ta fi ta tsada da suna?

Irin wannan lissafin ne masu sha'awar tsofaffin motocin gudu na Ingila ke yi har gobe, musamman wanda ke riƙe da ƙaramar MG yana hangen Jaguar. A tarihin ƙera motoci, da wuya a samu wanda ya karanci zuciyar mai wannan lissafi kamar Sir William Lyons, wanda ya kafa kamfanin Jaguar. A kan wannan zuciyar ya gina arzikinsa.

Haihuwa da tasowa

An haifi William Lyons ranar 4 ga Satumba, 1901 a garin Blackpool da ke gundumar Lancashire a arewa maso yammacin Ingila. Mahaifinsa ɗan asalin Ailan ne, yana da shagon sayar da kayan kiɗa.

Lancashire ba baƙuwar manoman kudancin Katsina ba ce, ko da ba su san sunanta ba. Masaƙunta ne suka daɗe suna jan audugar Arewa, kuma a Manchester aka kafa kamfanin BCGA a 1902, wanda daga baya ya girka injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi.

A Manchester ɗin ne Lyons ya fara koyon aiki a kamfanin motoci na Crossley. Bai daɗe ba, a 1919 ya koma gida ya zama yaron shago a wurin wani dillalin motoci. Nan ya koyi abin da ya amfane shi iya rayuwarsa: ido ne ke fara sayen mota kafin aljihu ya biya.

Daga babur zuwa mota

Lyons mayen babur ne tun yana saurayi. A 1921 ya haɗu da maƙwabcinsa William Walmsley, wanda ke ƙera wani kyakkyawan akwatin zama da ake maƙalawa a gefen babur don ɗaukar mutum guda. Lyons ya sayi ɗaya, sannan ya lallashi mai shi su mayar da abin sana'a.

Ranar da ya cika shekara 21, wato 4 ga Satumba, 1922, suka kafa kamfanin Swallow da bashin banki na fam 1,000, iyayensu maza suka tsaya masu.

A 1927 suka tsallaka zuwa mota. Sukan sayi ƙashin ƙaramar motar Austin Seven mai araha, su ɗora mata sabon bodi mai kyan fasali da fenti kala biyu, su sayar a kan fam 175. Wani babban dillali a Landan mai suna Henlys ya yi odar guda 500 a tashi ɗaya. Wurin aikinsu ya yi masu kaɗan, don haka a 1928 suka koma Coventry, cibiyar ƙera motocin Ingila.

A 1931 suka fitar da SS1 a kan fam 310, motar da duk wanda ya gan ta zai ɗauka ta ninka haka sau uku. Walmsley ya gaji da faɗaɗa harka, ya janye a 1934, ya bar wa Lyons ragama.

Wasan cinkar farashi

A watan Satumban 1935 Lyons ya tara dillalai da 'yan jarida a wani otal a Landan, ya yaye mayafin sabuwar mota, wadda ita ce ta farko da ta ɗauki sunan Jaguar. Ya sa kowa ya rubuta farashin da yake zato. Da aka haɗa aka raba, matsakaicin zaton ya haura fam 600. Ainihin farashin kuwa bai kai fam 400 ba.

Wannan shi ne sirrin kasuwancinsa daga farko har ƙarshe: ya ba mai saye abin da ya yi kama da na sarakuna a kan kuɗin da babban ma'aikaci ko ɗan kasuwa zai iya kaiwa idan ya ƙuƙuta.

Lyons ba injiniya ba ne, bai kuma yi karatun zane ba. Yakan tsaya kan maƙeransa suna lanƙwasa farantin ƙarfe a kan ƙashin katako, yana sa a ƙara nan a rage can, har sai surar ta kwanta masa a rai.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, haruffan SS sun zama abin ƙyama saboda rundunar 'yan Nazi ta Jamus mai wannan suna. A 1945 aka sauya sunan kamfanin gaba ɗaya zuwa Jaguar.

Gudu, nasara da rashi

A dararen yaƙi, lokacin da suke gadin masana'anta saboda gobarar bama-bamai, Lyons da injiniyoyinsa William Heynes da Walter Hassan da Claude Baily suka tsara sabon inji mai silinda shida da ake kira XK. An fara sa shi a motar XK120 a 1948. A watan Mayun 1949 aka gwada ta a wani miƙaƙƙen titi a Beljiyam, ta zarce kilomita 210 a awa guda.

Gwamnatin Birtaniya a lokacin tana raba ƙarfe ne gwargwadon abin da kamfani ke fitarwa waje, don haka Lyons ya mayar da hankali kan kasuwar Amurka. Don tallata hajarsa kuma ya shiga gasar Le Mans ta Faransa, inda ake kwana ana wuni ana gudu har awa 24. Motocin Jaguar sun lashe gasar a 1951, 1953, 1955, 1956 da 1957. Nasarar 1953 ta taimaka wajen yaɗa birki mai faifai, irin wanda ke ƙafafun gaba na kusan kowace mota a yau.

Sai dai 1955 ta zame masa shekarar baƙin ciki. Ɗansa namiji tilo, John, ya rasu a haɗarin mota a Faransa a kan hanyarsa ta zuwa gasar. A gasar kanta, wata motar Mercedes ta afka cikin 'yan kallo, mutum fiye da 80 suka mutu.

A 1956 Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma ta Sir. A watan Fabrairun 1957 gobara ta cinye wani babban sashe na masana'antarsa da ke Coventry tare da motoci masu yawa, amma ba a daɗe ba aiki ya ci gaba.

E-Type ko MGB?

A watan Maris na 1961 Lyons ya gabatar da E-Type a baje kolin motoci na Geneva. Malcolm Sayer, masanin yadda iska ke bin jikin jirgin sama, shi ya fitar da surarta. An tallata ta da gudun kilomita 240 a awa, farashinta kuwa kimanin fam 2,100, wato kusan rabin kuɗin Aston Martin ta zamanin.

Shekara guda bayan haka kamfanin MG ya fitar da MGB, ƙaramar motar gudu mai silinda huɗu, a kan ƙasa da fam 1,000. Daga nan aka shata layin da masu sha'awa ke tsayawa a kansa har yau. MGB ta rabin kuɗi ce, gyaranta ba wuya, an ƙera sama da 500,000 kafin a daina a 1980. E-Type ta fi ta ƙarfi da kyau da suna nesa ba kusa ba, amma ba ta wuce 72,000 da ɗoriya ba.

Ƙarancin nan ne ya sa a yau lafiyayyar E-Type ke ninka kuɗin MGB sau da yawa. A nan ne ake cewa da tsohuwar zuma ake magani.

Inda arahar ta fito

Lyons ya yi suna wajen tsimi. Ba ya barin ko sisi ya zube, yana matse masu kawo masa kaya har sai sun sauko. Da haka ya iya karya farashi.

Amma araha ba ta ado. Abin da aka rage a masana'anta, mai mota ne ke biyansa a gareji. E-Type ta farko ta yi ƙaurin suna wajen tsatsa, da ɗaukar zafi a cunkoso, da tsohuwar giya mai taurin shiga, da wayoyin lantarki masu yawan ba da matsala. Injinta na da kaburata uku da sai gwani ke iya daidaita su. Idan kuloci ya ƙone, sai an sauke inji kafin a kai gare shi.

Ke nan darasin da rayuwar Lyons ta bari ya kasu biyu. Na farko, tsada ba kullum take nufin fifiko ba, tunda shi da kansa ya nuna ana iya samun gudun mota mai tsada a rabin kuɗinta. Na biyu, kuɗin saye somin taɓi ne, kuɗin riƙo shi ne ainihin farashi.

Idan a Funtuwa ko Malumfashi ne fa?

Kafin shekarun 1970 motocin Ingila ne suka cika titunan Arewa. A ranar 2 ga Afrilu, 1972 Najeriya ta sauya hannun tuƙi daga hagu zuwa dama, sannan a 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna. Daga nan kasuwa ta juya, bakanikai da masu kayan gyara suka bi ta, daga baya kuma motocin Japan suka mamaye ko'ina.

Saboda haka duk mai tunanin hawa tsohuwar motar gudu ta Ingila a wannan yanki, akwai tambayoyi huɗu da ya kamata ya amsa wa kansa.

Ta farko, wa zai gyara? Bakaniken da ya ƙware a Toyota da Golf ba lallai ya taɓa buɗe irin wannan inji ba.

Ta biyu, ina kayan gyara? Abin da za a samu cikin awa guda a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna idan ta Japan ce, na wannan sai an yi oda daga waje da kuɗin ƙetare, a zauna jira.

Ta uku, wace hanya za ta bi? Cikin motar a ƙasa yake sosai, kujera biyu gare ta, ba ta ɗaukar iyali balle buhun taki. Tana iya bin kwalta daga Funtuwa zuwa Malumfashi, amma hanyar gona da damina ba tata ba ce.

Ta huɗu, me doka ta ce? Akwai ƙa'ida kan shekarun motar da za a shigo da ita, da kuma kan mota mai sitiyari a dama. A bincika kafin a biya ko kwabo.

Akwai kuma tambayar da ta fi waɗannan nauyi: daga wane aljihu kuɗin zai fito? Idan daga jarin noma ne, kuɗin taki da iri da ladan 'yan ƙwadago, to cinikin bai yi ba, komai kyan motar. Idan rarar da ba za ta taɓa gona ko cefanen gida ba ce, kuma an samu mota lafiyayya marar tsatsa da amintaccen mai gyara, sayen nagari mayar da kuɗi gida ne. Lafiyayyar ƙaramar mota ta fi ruɓaɓɓiyar babba, domin gyaran ruɓaɓɓiyar kan cinye fiye da abin da za ta yi a kasuwa.

Ƙarshen rayuwa

Rashin magaji da tsoron rasa kamfanin da ke buga masa bodi suka sa Lyons ya haɗe Jaguar da kamfanin BMC a 1966. Bayan shekara biyu aka sake haɗewa aka samar da British Leyland, inda yajin aiki da raguwar inganci suka zubar da darajar motocin Ingila da dama. A 1968 ɗin ne ya fitar da XJ6, motar ƙarshe da ya tsaya a kanta daga farko har ƙarshe.

Ya yi ritaya a 1972, shekara 50 cif bayan kafa Swallow. Ya koma gidan gonarsa da ke Wappenbury, kusa da Coventry, ya duƙufa kiwon tumaki da shanun madara, duk da cewa masu zanen kamfanin sun ci gaba da neman shawararsa.

Ya ga lokacin da Jaguar ta fice daga hannun gwamnati ta sake tsayawa da ƙafarta a 1984. Ya mutu ranar 8 ga Fabrairu, 1985 yana da shekara 83, ya bar matarsa Greta, wadda ya aura a 1924, da 'ya'ya mata biyu.

Bayan mutuwarsa kamfanin Ford na Amurka ya sayi Jaguar, sannan a 2008 ya sayar wa Tata na Indiya, wanda ke riƙe da shi har yanzu.