Johann Trollmann: Zakaran damben Jamus da 'yan Nazi suka ƙwace wa kambu, suka kashe shi a sansanin gwale-gwale

Duk wanda ya taɓa tsayawa a dandalin dambe bayan kaka, a Ƙaraye ne ko a Rogo, ya san cewa kisa a bakin 'yan dambe kayar da abokin karawa ne, kuma wanda aka kashe yakan tashi ya karkaɗe jiki ya koma gida. Johann Trollmann, ɗan damben zamani na ƙasar Jamus, ya kayar da abokin karawarsa na ƙarshe a shekarar 1944, a cikin sansanin fursunoni, nasarar kuwa ita ta jawo masa kisa na haƙiƙa.

An haife shi ranar 27 ga Disamba, 1907, a ƙauyen Wilsche, ya kuma tashi a unguwar talakawa a birnin Hanover. Iyayensa 'yan Sinti ne, wani reshe na al'ummar Roma waɗanda kakanninsu suka baro arewacin Indiya kimanin shekara dubu da suka wuce. Tun 1407 aka rubuta labarin zuwansu Jamus, amma shekara ɗari biyar ba ta isa a ɗauke su 'yan ƙasa ba. A gida ana kiransa Rukeli, daga kalmar bishiya a harshensu.

Yana ɗan shekara takwas ya fara dambe, kafin ya cika ashirin da ɗaya ya zama zakaran arewacin Jamus a ajin masu tasowa. Salonsa ya bambanta da na sauran: ƙafarsa ba ta zama wuri ɗaya, yana gocewa, yana zagaye abokin karawa har ya gajiyar da shi, sannan ya kai naushi. 'Yan kallo sun so shi, mahukuntan wasan kuwa suka ce wannan rawa ce, ba damben Bajamushe ba. A 1928 aka tsallake shi wajen zaɓen tawagar da za ta je gasar Olamfik ta Amsterdam. Ya koma Berlin, ya shiga damben kuɗi a 1929.

Hitler ya hau mulki a Janairun 1933, nan da nan aka kori Yahudawa daga fagen dambe. Erich Seelig, Bayahuden da ke riƙe da kambun ajin da ke bin na masu nauyi, ya tsere daga ƙasar. Ranar 9 ga Yuni, 1933, aka haɗa Trollmann da Adolf Witt a Berlin domin neman wannan kambu. Turmi goma sha biyu aka yi, kuma kowa ya ga wanda ya fi. Shugaban hukumar damben, Georg Radamm, ɗan jam'iyyar Nazi, ya umarci alƙalai su ce babu wanda ya yi nasara. 'Yan kallo suka tayar da ƙayar baya har sai da aka miƙa wa Trollmann kambun, shi kuwa ya fashe da kuka don murna. Bayan 'yan kwanaki hukumar ta ƙwace abinta, ta kafa hujja da cewa wasan bai yi armashi ba, har da hawayen nasa cikin laifi.

Ranar 21 ga Yuli aka haɗa shi da Gustav Eder, bisa sharaɗin ya bar salonsa, ya tsaya a tsakiyar fili a yi musayar naushi, in ba haka ba ya rasa lasisinsa. Trollmann ya gane an riga an yanke hukunci. Sai ya shigo fili ya rine gashinsa ya koma launin zinariya, ya baɗe jikinsa da farin gari, ya zama hoton Bajamushen da 'yan Nazi ke yabo. Ya kafe ƙafafunsa, bai goce ba, yana shan naushi har ya faɗi a turmi na biyar. Ba'ar ta isa inda aka aike ta, amma daga ranar tauraronsa ya dushe. Ƙarshe a wuraren bukukuwa yake dambe domin samun na abinci.

Dokokin wariyar launin fata na Nuremberg na 1935 sun haɗa da Roma da Sinti. A 1936 aka kwashe ɗaruruwansu daga Berlin zuwa sansanin Marzahn, domin kada baƙin Olamfik su gan su, aka kuma kafa cibiya ƙarƙashin likita Robert Ritter tana auna kawunansu, tana rubuta asalinsu gida-gida. Trollmann na cikin dubban da aka yi wa aikin hana haihuwa da ƙarfi. A 1938 ya saki matarsa, wadda ba 'yar Sinti ba ce, domin ya nesanta ta da 'yarsu daga haɗarin da ke tattare da sunansa.

Ƙasar da ta hana shi kambu ba ta ƙi jininsa ba. A 1939 aka ɗauke shi soja, aka kai shi fagen daga, ya ji rauni a yaƙi da Tarayyar Sobiyet a 1941. A 1942 aka sallami 'yan Sinti da Roma daga soja saboda asalinsu. A watan Yunin shekarar aka kama shi a Hanover, aka kai shi sansanin Neuengamme kusa da Hamburg, inda sunansa ya koma lamba 9841. Wani jami'in SS da ya san harkar dambe ya gane shi. Daga nan, bayan ya yini yana aikin bauta cikin yunwa, da dare sai a sa shi horar da masu gadi, suna jibgarsa.

'Yan'uwansa fursunoni sun yi ƙoƙarin cetonsa. A Fabrairun 1943 suka sa aka rubuta cewa ya mutu, aka mayar da shi ƙaramin sansanin Wittenberge da sunan wani. Can ma aka gane shi. Aka shirya masa karo da Emil Cornelius, fursunan da aka ɗora a kan sauran fursunoni, wanda ya yi suna wajen mugunta. Trollmann ya doke shi a gaban jama'a. Cornelius ya riƙe abin a ransa, ya yi ta ɗora masa aiki mafi wuya har ƙarfinsa ya ƙare, sannan ya yi masa dukan da ya zama ajalinsa a 1944. Yana da shekara 36. Ƙanensa Heinrich ya riga shi mutuwa a Auschwitz a 1943.

Masana tarihi sun ƙiyasta cewa Roma da Sinti tsakanin 220,000 zuwa 500,000 aka hallaka a Turai. A daren 2 ga Agusta, 1944 kaɗai, an kashe dubbai a ɗakunan iskar guba na Auschwitz. Bayan yaƙi, zaluncin ya sake salo. A 1956 Babbar Kotun Tarayyar Jamus ta Yamma ta yanke cewa abin da aka yi musu kafin 1943 mataki ne na hana aikata laifi, hukuncin da ya hana da yawa samun diyya. Sai a 1982 shugaban gwamnati Helmut Schmidt ya amince cewa kisan ƙare dangi ne. A 2003, shekara 70 bayan karonsa da Witt, hukumar damben Jamus ta mayar wa Trollmann kambunsa, ta miƙa wa iyalansa ɗamarar zakara. A 2004 aka sa sunansa a wani titi a Hanover.

Hukuncin 1956 ya cancanci mai karatu a Arewa ya yi nazarinsa. Tun kafin a gina sansani ko ɗaya, an daɗe ana kiran Roma ɓarayi a jaridu da ofisoshin 'yan sanda, har aka daina bambance mai laifi da danginsa, shi ya sa da aka zo kwashe su, maƙwabta kaɗan ne suka ɗaga murya. A yau, a kafafen sada zumunta, ana yi wa Fulani kuɗin goro kan ta'asar 'yan bindiga, kamar yadda ake yi wa 'yan Arewa a wasu biranen Kudu. A Rogo da Ƙaraye manomi da makiyayi kasuwa ɗaya suke ci, kuma kowa ya san sunan maƙwabcinsa. Wanda ya yi laifi a kama shi da sunansa, a gurfanar da shi da sunansa, domin takardun da suka kai Trollmann Neuengamme ba su tuhume shi da komai ba face asalinsa.