Sardauna Ahmadu Bello: Gwanin Ƙwallon Bango na Kwalejin Katsina

'Yan'uwa ɗalibai, kowa ya san hoton da ke jikin takardar naira 200. Amma mu nawa ne muka san cewa kafin mai wannan rawani ya zama Firimiyan Jihar Arewa, sai da ya yi suna a filin wasa, kuma a nan birninmu na Katsina?

An haifi Ahmadu Bello a Rabah ta ƙasar Sakkwato a shekarar 1910. Jinin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Bayan karatun allo da makarantar lardi ta Sakkwato, ya zo Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1926. Wannan kwaleji Gwamna Hugh Clifford ne ya buɗe ta a 1922, ita ce daga baya ta koma Kaduna, sannan Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa. Abubakar Tafawa Ɓalewa ma ya same shi a nan a 1928.

A kwalejin, wasa ba na ganin dama ba ne, yana cikin tarbiyyar ɗalibi. Ahmadu ya buga kurket, amma inda ya fi shahara shi ne ƙwallon bango, wanda Turawa ke kira Fives. Asalin wasan daga makarantar Eton ta Ingila yake, malamai Turawa suka kawo shi Arewa. Mutum biyu ne ke karawa da biyu a ɗaki mai bango uku. Da tafin hannu ake bugun ƙwallon, ta daki bangon gaba ta dawo, abokin hamayya ya mayar kafin ta taɓa ƙasa sau biyu. Wasan yana son kaifin ido da zafin nama, kuma komai gwanintarka, in ba ku fahimci juna da abokinka ba, kun sha kashi. Ahmadu ya ƙware har aka ba shi kyaftin.

Wasan bai hana shi karatu ba. Ya gama a 1931, ya koma Sakkwato yana koyarwa a Midil. A 1934 aka naɗa shi hakimin Rabah. A 1938 ya nemi sarautar Sarkin Musulmi, Allah ya ba Abubakar na Uku, shi kuma aka naɗa shi Sardauna. Bai zauna zaman baƙin ciki ba, ya ci gaba da aiki, har ya zama Firimiya a 1954.

Mulki bai raba shi da bangon wasa ba. Yana Firimiya yakan shiga fili ya buga, har a Eton ya buga lokacin wata ziyara da ya kai Ingila. Albarkacin ƙaunar da ya nuna wa wasan, ƙwallon bango ta zauna da gindinta a Katsina da Sakkwato da Birnin Kebbi da sauran garuruwan Arewa, ana kuma gasar Kofin Sardauna. Babban filin wasa na Kaduna ma sunansa yake ɗauke da shi, haka Jami'ar Zariya da ya kafa a 1962.

Sojoji sun kashe shi a gidansa na Kaduna ranar 15 ga Janairu, 1966. Allah Ya jiƙan Gamji, Ya gafarta masa.

Yau a cikinmu akwai masu sulalewa gida da an kaɗa ƙararrawar wasanni, akwai kuma masu gudun aji saboda ƙwallo. Duka biyun ba su bi sawun Sardauna ba. Muna roƙon malamanmu su riƙa kare mana lokacin wasa kamar yadda suke kare lokacin darasi, mu kuma mu ba kowanne haƙƙinsa.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta