Nana Prempeh na Ɗaya: Sarkin Tonawan da ya ƙi shiga gidan kyauta

Duk bafataken da ya taɓa sauke kaya a Kumasi ya san Alabar, ya kuma san unguwar Ashanti New Town wadda kowa ke kira Ash Town, inda gidaje suka haɗa kafaɗa da juna, kowane da ƙofa ɗaya da tsakar gida ɗaya da mutanen da ba su ƙirguwa. A maƙwabtan wannan unguwa ne fadar Manhyia take. A yau filin namu zai waiwayi rayuwar sarkin da aka fara gina wa wannan fada, wato Nana Agyeman Prempeh na Ɗaya, domin labarinsa da na ɗakunan hayar da muke kwana a ciki sun sarƙe fiye da yadda mutane da dama suke zato.

An haife shi a wajajen shekarar 1870. Mahaifiyarsa Yaa Akyaa ita ce uwar sarautar Ashanti, mutanen da kakanninmu ke kira Tonawa, kuma a wurinsu ta ɓangaren uwa ake gadon sarauta, haka ma gida. Yana ƙaramin yaro sojojin Ingila suka shiga Kumasi a 1874, suka kwashe kayan fada, suka cinna wa garin wuta. A cikin rundunar Turawan akwai sojojin da ake kira Hausawa, wannan kuwa abu ne da ba mu cika son a tuna mana ba. Bayan an tuɓe Sarki Mensa Bonsu a 1883 ƙasar ta faɗa yaƙin basasa, har zuwa 1888 da aka ɗora Prempeh a kan mulki bai cika shekara ashirin ba.

A wancan zamani baƙo daga Arewa ba ya shiga Kumasi ya sayi goro yadda ya ga dama. Sarakunan Ashanti sun tsare dajin goro, fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato sukan tsaya a Salaga ta ƙasar Gwanja, can ake kawo musu goron su ɗaura wa jakuna. Akwai dai Musulmi a Kumasi tun kafin haka, malaman da ke yi wa fada rubutu da addu'a, amma ba su da yawa. Bayan 1874 ciniki ya fara komawa Kintampo, sannan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa sauran 'yan kasuwar. Prempeh ya yi ƙoƙarin haɗa kan ƙasar, a 1891 kuma ya ƙi amincewa da tayin Turawa na shiga ƙarƙashin kariyarsu.

A watan Janairun 1896 Turawa suka sake dawowa. Sarkin ya hana mutanensa yaƙi don ya ga abin da ya faru da garin a baya. Gwamna William Maxwell ya nemi a biya shi zinaren da aka yanke wa Ashanti tun 1874, oza 50,000, da bai samu ba sai ya kama sarki da mahaifiyarsa da manyan fadawa. Aka tsare su a Elmina, daga nan aka kai su Saliyo. A 1900, da Gwamna Hodgson ya nemi a kawo masa Kujerar Zinare ya zauna a kai, har Yaa Asantewaa ta jagoranci yaƙi, sai aka ƙara nesanta Prempeh zuwa tsibiran Seshel da ke tekun Indiya. A can ya koyi karatu da rubutun Turanci, ya shiga cocin Angilika, ya kuma sa aka rubuta tarihin sarakunan ƙasarsa. Mahaifiyarsa ta rasu a can, haka ma Yaa Asantewaa a 1921. Shekara 28 ya yi bai ga Kumasi ba.

To, a waɗannan shekaru 28 ne aka haifi Kumasin da muka sani. Turawa suka mayar da filin da ke kewaye da barikinsu, tazarar mil ɗaya ta kowace kusurwa, mallakar gwamnati. Jirgin ƙasa ya iso daga Sekondi a 1903, na Akara ya haɗu da shi a 1923. Shingen da ya hana fatake shiga ya faɗi, Hausawa da Mosawa da Yarabawa da Wangarawa da Zabarmawa suka yi ta kwarara, tsofaffin sojoji ma suka zauna, zango ya cika ya batse. A nan tsarin maigida ya kafu sosai. Ka zo da shanu ko kaya, maigida ya ba ka masauki, ya ciyar da kai, ya nemo maka mai saye, ya tsaya maka idan bashi ne, shi kuma ya ci la'adarsa. Ke nan a zango gida shi ne jari, wanda ya fi yawan ɗakuna shi ya fi yawan baƙi, wanda ya fi baƙi kuwa shi ake jin maganarsa.

Amma ginin an yi shi ne barkatai, ba magudanar ruwa, ba isassun makewayi, ga rumbunan hatsi a cikin gidaje. A 1924, shekarar da Prempeh ya dawo, annobar da ƙuman ɓera ke yaɗawa ta ɓarke a Kumasi, ta fi yin ɓarna a zango. Hukuma ta rushe gidaje, ta kafa hukumar kula da lafiyar gari a 1925, aka cike fadamu, aka gina Sabon Zango da ɗakuna a jere don waɗanda aka tasa. Duk wanda ya lura da yadda titunan tsofaffin unguwannin nan suka miƙe, da 'yan lungunan da ke bayan gidaje inda masu kwasar bahaya suke bi da dare a da, yana kallon tsarin wancan zamani ne.

A watan Nuwamban 1924 Prempeh ya sauka a Kumasi, Turawa suka ce a matsayin talaka ya dawo, ba sarki ba. Jama'a ba su ji wannan magana ba, suka yi dafifi suka tarbe shi. Tsohuwar fadarsa ta Adum babu ita. A 1925 gwamnati ta gina masa bene a Manhyia, shi kuwa ya ƙi tarewa sai da aka biya kuɗin ginin kaf. A ganina wannan shi ne abu mafi girma da ya yi bayan dawowarsa, ko da yake masu tarihi sun fi ba da ƙarfi a kan siyasa. Mutumin da aka raba da gidansa da ƙarfin bindiga, ya zauna shekara da shekaru a gidan da wani ya zaɓa masa, ya san cewa wanda ya ba ka makwanci yana iya ce maka tashi. Duk ɗan haya ya san wannan ciwo. A 1926 Turawa suka yarda ya zama Sarkin Kumasi kaɗai, ba na Ashanti baki ɗaya ba.

Da fada ta kafu a Manhyia, ga kuma kuɗin koko na shigowa, sai sarakuna da attajiran Tonawa suka yi ta ɗora gidaje a Ash Town, wasu har hawa biyu da uku. Fasalin ɗaya ne: ɗakuna sun zagaye tsakar gida, madafa da banɗaki a gefe guda. A al'adarsu gidan gado na dangi ne, sayar da shi abin kunya ne, shi ya sa za ka tarar da 'yan uwan mai gida zaune kyauta a wasu ɗakuna, 'yan haya a sauran, rufi na yoyo amma ba wanda ya ɗauki gyaran a kansa. Binciken da aka yi a shekarun 1980 ya nuna kusan kashi uku cikin huɗu na iyalan Kumasi a ɗaki ɗaya suke zaune.

Ni kaina a irin wannan gida na tashi. Tun kafin kiran sallar asuba ake jera bokiti a ƙofar banɗaki, bokitinka shi ne layinka. Mata suna da ranakun shara, wadda ta tsallake nata ranar za ta sha magana. Da yamma kurfoti goma ne ke ci a tsakar gida, nan ana dakan fufu, can ana tuƙa tuwon zafi, yara kuwa ba su san bambanci ba, duk kwanon da aka buɗe hannunsu na ciki, su yi Hausa da wannan su juya su yi Tonanci da wancan. Faɗan da ba ya ƙarewa shi ne na kuɗin wuta, inda ake ƙirga ƙwan fitila da fanka da dutsen guga na kowane ɗaki, sai kuma a gano wani ya ɓoye firji a bayan labule. Dokar haya ta Ghana ta 1963 ta ce kada a karɓi kuɗin gaba fiye da na wata shida, amma wanda ya je neman ɗaki ya san shekara biyu ake tambaya. Ɗan kasuwar da zai zo daga Aflao ko Paga ko Maraɗi da niyyar kama ɗaki ya sa wannan a lissafinsa tun kafin ya taɓa jarinsa.

Prempeh bai daɗe a sabon gidan ba. Ya rasu ranar 12 ga Mayu, 1931, shekarar da ƙidaya ta nuna mutanen Kumasi wajen 36,000 ne. Magajinsa Osei Agyeman Prempeh na Biyu shi aka mayar wa cikakkiyar sarautar Ashanti a 1935, a 1943 kuma aka mayar masa da filayen Kumasi da Turawa suka karɓe. Benen na Manhyia ya zama gidan tarihi a 1995, kuma a 2024 aka baje wasu kayan zinaren da aka kwashe daga fada a cikinsa, waɗanda gidajen tarihin Ingila suka maido a matsayin aro. A watan Nuwamban shekarar aka yi bikin cika shekara 100 da dawowarsa, shugaban Seshel na lokacin, Wavel Ramkalawan, ya zo Kumasi don bikin. Daga Alabar tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa zuwa ƙofar gidan.