Malam Muhammadu Bakatsine, Mai Hatimi

Da Edita ya aiko mini cewa in rubuto tarihin wani mashahurin mutum domin fitowar bana, na san 'yan ajinmu za su zaci Sardauna ko Malam Aminu Kano zan ɗauko. To, ba su ba ne. Wani malami ne Bakatsine wanda ya rasu a Alƙahira shekara 13 kafin a haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Amma bari in fara da yadda aka yi na san shi.

A wani ofishi da na taɓa aiki akwai wani dattijon akawu wanda shi kaɗai ya san yadda ake haɗa takardar albashi: wa za a cire wa bashi, wa aka ƙara wa girma, wane shafi ake fara cikawa. Duk a kansa abin yake. Ana saura kwana goma Sallah sai ciwo ya kwantar da shi. Muka yi ta jujjuya fayil-fayil, muka kasa. Albashi bai fita ba sai bayan Sallah, masinjoji da direbobi suka yi idi 'ya'yansu babu ɗinki. Bayan wannan ne aka tura ni Kano kwas na nazarin tsarin aiki da zana shi domin kwamfuta.

Na tafi da zaton za a zaunar da mu gaban na'ura. Ashe darasin farko shi ne kada ka taɓa ta tukuna. Ka je ka zauna da mai yin aikin, ka tambaye shi abin da ke shigo masa, abin da yake yi da shi, wanda ke sa hannu, da inda takardar ke zuwa, sannan ka rubuta matakan ɗaya bayan ɗaya yadda baƙo zai bi ya sami sakamako iri ɗaya. Don ya gwada mu, malamin ya ce mu rubuta matakan cika hatimi. Ni da na tashi a Gwaram ina ganin hatimi a allon malaman zaure, ban taɓa ɗaukarsa lissafi ba. A nan ne ya ambaci sunan Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi.

Bafillace ne mutumin ƙasar Katsina, garin Ɗan Marina da Ɗan Masani, a zamanin da ɗalibai ke zuwa can daga nesa neman ilmi. Ya yi karatun addini da Larabci, ya kuma zurfafa a hisabi da ilmin taurari. Wajen 1730 ya tafi aikin Hajji, tafiyar da a lokacin ta ƙasa ake yi, wata da watanni, wani ma shekaru. Bai dawo gida ba. Ya zauna a Alƙahira, inda wani babban malami, Hasan al-Jabarti, ya sauke shi a gidansa, kuma a gidan ya rasu a 1741. Ɗan mai masaukin nasa, Abdurrahman al-Jabarti, shi ne ya zama shahararren marubucin tarihin Masar, ya kuma sa labarin baƙon mahaifinsa a cikin littafinsa. Ta nan ne akasarin abin da aka sani game da shi ya iso gare mu.

A 1732 ya rubuta littafi da Larabci a kan hatimi mai gidaje mara, wato uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai, har sama. Sharaɗin hatimi shi ne kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, ya ba da jimla ɗaya: 15 a mai uku-uku, 65 a mai biyar-biyar, 175 a mai bakwai-bakwai. Mai uku-uku yaro ma zai iya haddace shi. Mai bakwai-bakwai gida 49 ne, wanda ya ce zai cika shi da lalube zai kwana a kai. Abin da Malam ya yi shi ne ya rubuta hanyoyin cikawa, inda za a fara da inda za a nufa, yadda ƙa'ida ɗaya za ta yi aiki komai girman hatimin.

Ga wata daga irin waɗannan ƙa'idoji, wadda aka koya mana a kwas, ku gwada da yara a gida. Ka sa 1 a tsakiyar layin sama. Kowace lamba ta gaba ka haura gida ɗaya ka matsa dama gida ɗaya. In ka faɗa waje, ka shigo ta ɗaya gefen. In ka tarar gidan da lamba, ka sauka ƙarƙashin wadda ka rubuta yanzu. Za ka sami 8, 1, 6 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 4, 9, 2 a ƙasa. Malaminmu na lissafi, wanda na san yana karanta wannan mujalla, zai yi dariya ya ga ni ne yau nake koyar da lissafi.

Ba zan ɓoye ba, Malam bai rubuta wannan domin ofis ba. A wurinsa hatimi na haɗe da asirin haruffa da taurari, abin da malamai ke saɓani a kansa har yau, kuma ni ba fagena ba ne. Ya ƙarfafa wa ɗalibai gwiwa kada su karaya in sun kasa a karon farko, amma kuma ya umurce su da su riƙa aikin a ɓoye. A wannan na biyun ne ban bi shi ba, domin na ga abin da ɓoye sani ya jawo wa masinjojinmu. Sai dai in an yi masa adalci, da bai zauna ya rubuta ba, da ba mu san sunansa ba ma.

Da na dawo daga kwas, dattijon nan ya sami sauƙi. Na yi mako biyu ina zama gefen teburinsa da biro da takarda, ina ce masa, Baba, daga nan kuma sai me? Da farko ya ɗauka kujerarsa nake nema, sai da ya ga sunansa na sa a kan takardar ya saki jiki. Muka fitar da matakai 34, kuma da su aka yi amfani ranar da aka kawo kwamfuta.

Rubutun Malam na 1732 akwai kwafinsa a wani ɗakin karatu na Jami'ar Landan, wata Ba'amurkiya mai suna Claudia Zaslavsky kuma ta yi bayaninsa a littafinta na lissafin mutanen Afirka a 1973. Kabarinsa yana Alƙahira. Allah ya jiƙansa da rahama, amin.