Sa'idu Keita: Kafintan da Ya Auna Haske da Hannunsa

Ɗalibin yau zai ɗaga waya ya ɗauki hoto talatin kafin malami ya shigo aji, ya goge ashirin da tara. Seydou Keïta, wato Sa'idu a bakinmu, ɗauka ɗaya tak yake yi wa mai hoto, don fim kuɗi ne, in ya lalace asarar tasa ce. Amma ga shi yau hotunansa na rataye a manyan gidajen adana kayan fasaha na duniya. Abin da ya kai shi can shi ne sanin tsawon lokacin da za a bar haske ya shiga kyamara.

An haife shi a Bamako wajen 1921, lokacin Mali tana hannun Faransa. Mahaifinsa kafinta ne, shi ma a sana'ar ya tashi tun yana yaro. A 1935 wani kawunsa ya dawo daga Senegal da ƙaramar kyamara ƙirar Kodak Brownie, ya ba shi. Irin wannan kyamara akwati ce kawai, ba ta ba ka zaɓi mai yawa. Abin da ya rage maka shi ne ka san inda za ka tsayar da mutum da lokacin da rana ta dace. Da 'yan gida da abokan kafinta ya fara gwaji, yana samun shawara a shagon kayan hoto na wani Bafaranshe, Pierre Garnier.

A 1948 ya buɗe wurin ɗaukar hoto a tsakar gidansu da ke unguwar Bamako-Kura, ba nisa da tashar jirgin ƙasa, don haka har matafiya na biyowa. Babbar kyamara ya saya, mai ƙafa uku, wadda nagatif ɗinta ke da santimita 13 a 18, ana wanke hoton daidai girmansa ba sai an faɗaɗa ba. Matsala ɗaya: ƙyaurenta ya lalace.

To, mene ne ƙyaure? Shi ne ɗan murfin da ke cikin kyamara, wanda masu hoto ke kira shota. In ka danna, sai ya buɗe ya rufe, haske ya faɗa kan fim. Lambobin da ke kan tsohuwar kyamara, 500, 250, 125, 60, 30, 15, gutsuren sakan ne: 125 na nufin kashi ɗaya cikin 125 na sakan. Duk matakin da ka sauka, hasken da ke shiga ya ninka biyu. In da filasha kake aiki, walƙiyarta ce ke tsayar da motsi. Amma a hasken da ba ya yankewa, kamar rana ko ƙwan lantarki, duk abin da ya motsa muddin ƙyaure na buɗe zai fito a hoto. Ka yi sauri da yawa hoto ya yi duhu, ka yi jinkiri fuska ta dagule.

Ga lissafin da masu fim suka daɗe suna riƙewa. Da fim mai lamba 100 a tsakiyar rana, ka tsuke idon kyamara zuwa 16, ka sa ƙyaure a 125. Ka shiga inuwa, haske zai ragu kamar ninki takwas, sai dai ka buɗe ido zuwa 5.6, ko ka sauke ƙyaure zuwa 15. In ka sauke, ka nemi ƙafa uku, domin da gilashi mai milimita 50 hannu ba ya riƙe kyamara cak a ƙasa da 60. Hazon hunturu ma yana cin haske, kar ka ga rana ta fito ka saki jiki.

Keita fa ba shi da ko ɗaya daga cikin lambobin nan. Murfin gilashin yake cirewa da hannu, ya mayar. Hannun ɗan Adam ba zai taɓa yin kashi ɗaya cikin 125 ba, dole lokacin ya yi tsawo, dole kuma mai hoto ya tsaya kamar an dasa shi. Ku dubi hotunansa da wannan a rai. Za ku ga mace ta kishingiɗa ta tokare kai da hannu, saurayi ya jingina da akwatin rediyo, 'yan mata sun zauna a kan babur Vespa, wani ya dafa mota. Kayan nan na nuna gayu da wayewar birni, kuma jikin da ya sami madafa ba ya rawa. Sakamakon shi ne za ka iya bin zanen atamfa da silin kitso ɗaya bayan ɗaya. Labulen baya na farko ma shimfiɗar gadonsa ce. Yana da fitilu don masu zuwa da dare, amma hasken rana ya fi so, a tsakar gidan da ya san inuwarsa safe da yamma.

Wanda ke gwada fim a situdiyon zane a Barnawa ko a ɗakin kwanan ɗalibai, ga ƙari. Wutar ƙasar nan tana juyawa sau 50 a sakan, doguwar fitila kuma tana ƙyaftawa sau 100. Ido ba ya gani, fim na gani. In ka sa 250 ko 500, wani hoton ya fito da haske wani ya dushe. Tsaya a 60 ko 30, ka roƙi mutuminka ya natsu. Fara da tambayar me ke motsi, sannan ka daidaita ido.

Bayan Mali ta sami 'yanci a 1960, gwamnati ta ɗauke shi aikin hoto a 1962, shagon ya rufe ba da daɗewa ba. Ya yi ritaya a 1977, dubban nagatif na ajiye a gida. A 1991 aka baje wasu hotunansa a New York ba tare da sunansa ba, an rubuta cewa ba a san mai ɗaukar ba. Wani mai tattara kayan fasaha, André Magnin, ya bi sawu har Bamako, inda mai hoto Malick Sidibé ya gane aikin ya nuna masa gidan. A 1994 aka yi baje kolin aikinsa da sunansa a Paris. A can ya rasu a watan Nuwamba 2001. Allah ya jiƙansa.

Gidaje da yawa a Kakuri da Makera na da irin waɗannan hotuna na fari da baƙi, tun zamanin da masaƙu ke aiki. In kun je hutu ku nemi na gidanku, ku juya bayansu ko akwai hatimin mai hoton, ku tambayi manya wane ne shi tun suna iya tunawa.