Rachel Carson, Matar da Ta Kai Yaro Bakin Teku

Kun san Rachel Carson ba ta taɓa ganin teku ba sai da ta shekara 22? A 1907 aka haife ta a Pennsylvania ta Amurka, nesa da gaɓa. Mahaifinta na rasuwa a 1935 nauyin gida ya dawo kanta, ta shiga rubuta shirye-shiryen rediyo kan halittun ruwa. Littafinta na 1951 kan teku shi ya fito da sunanta.

Jikan yayarta kuwa tun yana ɗan mitsitsi take ɗaukarsa da dare, da tocila, su je neman ƙaguwa a bakin ruwa. A ganinta yaro ya fara mamaki tukuna, sunayen kimiyya sa biyo baya. Ciwon daji ya yi ajalinta a 1964.