Manzo Bulus: Fursunan da ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar

An haifi Bulus, wanda sunansa na Yahudanci Shawulu, a birnin Tarsus da ke kudancin Turkiyya ta yau, a farkon ƙarni na ɗaya Miladiyya. Bayahude ne daga zuriyar Biliyaminu, ya yi karatun Attaura a Urushalima a gaban malami Gamaliyal, sana'arsa kuwa ɗinkin tanti. Ya kuma gaji wata gata da akasarin mutanen yankinsa ba su da ita: da 'yancin zama ɗan ƙasar Roma aka haife shi.

Da farko yana cikin masu tsananta wa mabiya Yesu Almasihu, har ya amince da jifan Istifanus. A kan hanyarsa ta zuwa Dimashƙu ya sauya, ya koma mai wa'azin addinin da yake yaƙa. Ya zaga Antakiya da Filibi da Tasalonika da Afisa da Koranti, inda aka gurfanar da shi gaban gwamna Galiyo wajen shekarar 51. Gwamnan ya yi watsi da ƙarar, yana ganin saɓanin addini ba hurumin kotunsa ba ne.

Wajen shekarar 57 tarzoma ta tashi a kansa a Haikalin Urushalima, sojojin Roma suka kama shi. Har an ɗaure shi za a yi masa bulala, sai ya bayyana cewa shi ɗan ƙasa ne, nan take aka janye, domin doka ta hana dukan ɗan Roma ba tare da shari'a ba. Da aka gano mutum fiye da 40 sun yi rantsuwar kashe shi, aka kai shi Kaisariya da dare cikin rakiyar dakaru 470.

A can shari'arsa ta kwanta. Littafin Ayyukan Manzanni ya nuna gwamna Filikus ya tsare shi shekara 2, yana sa ran a miƙa masa cin hanci, sannan ya bar kujera ya bar shi a kulle don ya faranta wa masu ƙara. Magajinsa Fastus ya so mayar da shari'ar Urushalima, Bulus kuwa ya yi amfani da haƙƙinsa, ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Jirgin ruwan da ya ɗauke su, su 276, ya tarwatse a gaɓar tsibirin Malta, amma duk suka tsira. A Roma ya yi wasu shekaru 2 cikin ɗaurin talala a gidan haya, soja na gadinsa.

A watan Yulin shekarar 64 gobara ta cinye babban ɓangaren birnin Roma. Masanin tarihi Tasitus ya rubuta cewa Sarki Nero ya ɗora laifin a kan Kiristoci domin ya kawar da zargin da ake yi masa. Masana tarihi na sanya rasuwar Bulus tsakanin shekarun 64 da 67, a ƙarshen zamanin Nero. Tsohuwar ruwayar Ikkilisiya ta ce fille masa kai aka yi da takobi, hukuncin da ake yanke wa ɗan ƙasa, yayin da aka gicciye Bitrus. Gatar da ta cece shi daga bulala a hannun ƙaramin hafsa ba ta yi masa amfani ba sa'ad da mai mulki da kansa yake neman wanda zai jingina wa laifi.

An binne shi a gefen hanyar Ostiya, inda babbar majami'a mai sunansa take a yau. A shekarar 2009 Fafaroma Benedict na 16 ya sanar cewa gwajin da aka yi wa ƙasusuwan kabarin ya nuna na ƙarni na ɗaya ko na biyu ne. Wasiƙu 13 cikin littattafai 27 na Sabon Alkawari suna ɗauke da sunansa, kuma kowace ranar 29 ga Yuni mabiya ɗariƙar Katolika da ta Angilika, daga Roma har Minna, kan tuna da shi tare da Bitrus.